Yatsu huɗu a kan soron Inna

Ina kan soron Innata a Tofa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ina neman inda yake yoyo. Kuɗin kwano bai samu ba, ga damina ta kawo kai.

Kusa da indararo sai na ga shatin hannu a tsohon yaɓe, yatsu huɗu. Na marigayi Baba ne, injin niƙa ya cinye masa ɗaya. Kuma daidai nan tsagar take.

Na leƙa ƙasa na ce, "Inna, hannun Baba ne a wurin. Na kasa shafewa."

Ta ce, "Yaɓe abinka, ɗan nan. Shi ma a kan na mahaifinsa ya yaɓe. Ka dai danna naka sosai."

Na yaɓe, na danna yatsu biyar.

Ku fa, a ina kuke cin karo da hannun iyayenku?