Takardar Kan Inna

A danginmu na Bungudu, kafin a sa ranar aure, Inna mahaifiyata ake tambaya wa ya sha nonon wa. Ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Da ta fara neman ludayin da ke hannunta, sai na kai ta asibiti a Gusau.

Sai da aka tsefe mata kitso. Ta zauna ba ɗankwali gaban likita namiji, aka manna mata wayoyi a kai, na'ura tana zana layuka kamar kunyoyin gona. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ta fara nuna alamun ciwon mantuwa, amma an gano da wuri. Abin jiya da shekaranjiya ne ke kuɓuce mata, na da can yana nan daram. Ya ba ni takarda.

Bayan wata biyu, ɗan wata aminiyata ta Tsafe, Allah ya ji ƙanta, ya nemi auren 'yata. Yaran suna son juna, ni kuma na ƙwallafa rai. Inna ta ce ba zai yiwu ba: da na haihu na kwanta zazzaɓi, uwar yaron ce ta shayar da jaririyar kwana uku.

Raina ya ɓaci. Na ɗauko takardar, na fassara wa kawunnaina a tsakar gida, tana zaune. Abin da likita ya ce game da abin da can, na haɗiye shi. Na ba su labarin ludayi har da kwaikwayo, aka yi dariya. Wani ya ce a bar tsohuwa ta huta.

Inna ta dube ni, ta ce, “Ɗiyata, na'urag ga cewa tay yi zan mance. Ba ta ce na mance ba.”

An ɗaura aure. Daga ranar babu wanda ya sake tambayarta komai, ko gishirin miya. Yanzu ba ta san sunana ba, Hajiya take ce mini, tana gaishe ni kamar baƙuwa.

'Yata tana da ciki wata bakwai. Zazzaɓin nan da na yi bayan na haife ta kuwa bai gusar mini da hankali ba. Ina kwance a tabarma, idona biyu, na ga jaririyar a ƙirjin aminiyata.