Gilashin Da Ya Rufe Mana A Hanyar Hada

Ni haifaffen Jidda ne, a unguwar Hindawiyya na tashi, kuma lokacin da abin nan ya faru ina aikin sayar da kayan gyaran mota a Khumra. Matashi ne ni mai ji da kai, wallahi ba na son a gaya mini. Ran da na fito da jar motar nan mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke kusan shafar ƙasa, sai da na zaga unguwa ina taka totur don yara su fito kallo. Baba, tsohon tela mai fama da ciwon ƙirji, ya dube ta ya yi mini addu'a, sannan ya tambaye ni ko da rarrafe ake shigarta.

Da sanyi ya shigo na matsa masa mu je Ɗa'ifa gaida ƙanwarsa, alhali ni dai so nake in gwada motar a kan dutse. Da za mu dawo ya ce yana son ya yi umra, mu bi ta Sail inda hanya ke shimfiɗe. Na ce haba Baba, ai akwai miƙati a bakin hanyar Hada mai gangarowa daga dutse, kuma ta fi kusa. Goggo ta riƙe ƙofar motar ta ce tun safe ba a ga rana ba, gajimare na zaune a kan dutsen. Na yi dariya na ce yalla mu tafi, kafin la'asar muna Makka. Baba ya duƙa da ƙyar ya shiga.

A miƙati muka yi wanka muka ɗaura harami. Ya fito kai ba hula yana kaɗuwa, haƙoransa na haɗuwa. Tausayinsa ya kama ni, na rufe tagogi ruf, na kashe mukayyif, wato na'urar sanyin mota, abin da tunda na fara tuƙi a Jidda ban taɓa yi ba. Muna fara gangara na ga abin da ya kamata ya tsayar da ni. Motocin da ke hawowa duk sun kunna fitilun haɗari da rana tsaka. Biran nan da ke cika bakin hanya suna jiran burodi ko ɗaya babu. Sai farin hazo yana tasowa daga ramin da ke gefenmu kamar tururin tukunya, titi ya jiƙe, kwana na bin kwana. Baba yana ta talbiyya a hankali, ni kuwa girman kai ya hana ni neman wurin tsayawa.

Can sai gilashin gaba ya fara dushewa. Mu a Jidda mun san wannan: in zafi da laima suka haɗu gilashi kan yi gumi ta waje, ka kunna waifa, halas, shi ke nan. Hannuna ya tafi kan waifa. Ta share, ta sake sharewa, ba abin da ya canza. Ashe numfashinmu ne ya kwanta a gilashin ta ciki, kuma mukayyif ɗin da na kashe shi ne maganinsa. Ban sani ba, wallahi ban sani ba! Na shiga danne-danne a motar da ban gama sanin maɓallanta ba. Baba ya ga na rikice, ya ce in kwantar da hankalina in riƙe sitiyari, shi zai goge mini. Na ji ƙarar bel ɗinsa ya kwance. Ya miƙo jiki yana goge gilashin gabana da gefen haraminsa, kuma ta ɗan wurin da ya share na hango shingen kankare dab da mu. Na danna birki da ƙarfi, bayan motar ya juya.

Shingen ya tare mu, ba mu faɗa ramin ba. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, saboda bel ɗina na ɗaure. Baba kuwa ƙugunsa ya karye. Da ya farfaɗo a asibiti bai tambayi motar ba, bai zarge ni ba, cewa ya yi a janye bargon daga kansa, shi mai harami ne. Nan na fita waje na yi kuka kamar yaro.

'Yan'uwana matasan Jidda, in sanyi ya zo kuka ce za ku hau dutse, ku sani tuƙin bakin teku bai koya muku komai game da can ba. Ku san motarku tukuna, in kun ga hazo ku tsaya, in babba ya ce a canza hanya ku canza. Na rabu da motar tuni, amma Baba bai sake taka ƙafarsa ba. Mutumin da ya saba ɗawafi da ƙafarsa tun yana saurayi, yanzu ni nake tura shi a keke, kuma har yau in muka zo cikin cunkoso sai ya waiwayo ya ce in bi a hankali.