Wayata Tana Ƙasan Adaka Har Na Fita Takaba

Malam Edita, bayan sallama, ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake na san a unguwarmu a Daura duk wanda ya karanta zai gane ni.

A lokacin ni malamar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi a Ingila, shekarata talatin da takwas, ga kafiya ga saurin fushi, halin da aka san ni da shi tun ina makaranta. Bizar da na tafi da ita ta ƙwararrun ma'aikata ce, irin wadda ke ɗaure da wurin aikinka: su suka ɗauki nauyinka, ranar da suka janye kuwa zamanka ya ƙare. Amma in ka jure shekara biyar, sai ka nemi takardar zama na dindindin ka huta da fargaba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin shanu yake yi. Da yardarsa na tafi, sai dai ya ce ba zai watsar da kasuwarsa ya kwashi yaranmu biyu ya bi ni a kan takardar da wani zai iya sokewa da safe ba. In na samu ta dindindin, za su zo. Yakan tsokane ni a waya, wai shi ko saniya ba ya cewa tasa ce sai ya ji igiya a hannu. A kan wannan alkawari muka rayu, ina ƙirga watanni yana taya ni.

Saura wata tara in cika, na yi kuskuren farko. Manajarmu, wata dattijuwa da ta karɓe ni tun ranar da na sauka, ta sa ni aiki ranar Babbar Sallah bayan ta yi min alkawarin hutu. Abin da bai kai ya kawo ba, amma zuciya ta ɗebe ni. Na nemi wani wurin, suka ɗauki nauyina, aka sabunta biza, komai bisa ƙa'ida. Matar nan ta zaunar da ni ta ba ni haƙuri, ta ce in daure in ƙarasa a inda aka san ni. Ni 'yasu, wai har na buɗe baki na ce mata ni ba baiwarta ba ce. Maigidana ma ya ce in yi haƙuri, na ce shi bai san wulaƙancin da nake sha ba.

Makona bakwai a sabon wuri aka kira ni cewa maigidana ya yanke jiki ya faɗi a kara, wato kasuwar shanu, ɓarin jikinsa ya shanye. Sabon manajan, namiji ne da ko sunana bai iya faɗa daidai ba tukuna, ya ba ni mako biyu, ya ce in ina bukatar ƙari in rubuto. Na taho gida, kwana goma sha ɗaya na yi ina jinyar mijina. Ranar na goma sha biyu da hantsi ya cika, hannunsa a cikin nawa.

Gwaggonsa ce ta zo daga Sandamu don ta zauna da ni zaman takaba. Ta cire min 'yan kunne, ta damƙa min 'yar wuƙa ta ce kada in rabu da ita. Ranar uku wayata ta yi ƙara, ta tambayi ko wane ne, na ce shugaban wurin aikinmu. Da ta ji namiji ne sai ta saka salati, ta ce mai takaba ba ta magana da wanda ba muharraminta ba, ko da baki ko a rubuce. Ta kashe wayar ta tura ta ƙasan adakarta. Wallahi ba zan ɗora mata laifin duka ba, don da na so da na karɓa. Amma tun a zaman makoki nake jin ana raɗa cewa ga wadda ta bar mijinta ta tafi neman duniya, to in aka ji ni ina Turanci a waya ko bakwai ba a yi ba, me za a ce? Can cikin zuciyata kuma ina ganin mutumin da na hana shekara huɗu, ai ko waɗannan kwanakin na ba shi su cif. Na lallashi kaina da cewa dokar neman zama na dindindin wata shida ta hana a yi a wajen Ingila, wata huɗu da kwana goma kuwa bai kai ba. Na manta cewa wanda ya ɓace daga aiki ba labari, bizarsa ba ta jiransa.

Ranar fita na yi wanka, aka raba sadaka, Gwaggo ta miƙo min wayar. Saƙonni na farko suna tambayar jikin mara lafiya, don ko rasuwar ba su sani ba. Na bayansu suna roƙon in amsa ko da layi ɗaya ne, su ga abin da za su iya yi. Sai gargaɗi, sai sallama daga aiki, sai takardar hukumar shige da fice cewa an soke bizata. Ina riƙe da wayar ina sake karantawa, Gwaggo tana gefe tana cin waina, tana tambayata ko lafiya.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne zuwan limamin unguwarmu yi min barka da fita. Da na ba shi labari ya riƙe baki, ya ce addini bai hana mai takaba maganar lalura ba, ko fita ce ta kama za ta iya, wuƙar nan ma al'ada ce kawai. Ya tambaye ni me ya hana in aiko a tambaye shi. Tsakanin gidanmu da nasa gida uku ne.

Yau shekara biyu ke nan. Lauya ya ce sai dai in sami sabon mai ɗaukar nauyi, kuma ƙirgen shekara biyar daga farko zai tashi. Duk inda na nema sai su tambayi shaidar wurin aikina na ƙarshe, su kuwa gaskiya suke rubutawa, cewa na tafi ban dawo ba. Na haɗiye girman kai na rubuta wa tsohuwar manajata. Ta yi min ta'aziyya mai daɗi, ta ce ta yi ritaya, kuma da a wurinta nake da sai ta nemo ni ko ta halin ƙaƙa, don har yanzu lambar gidanmu na cikin littafinta. Wannan magana ta fi takardar hukuma yi min ciwo. Yanzu ina allura da ƙarin ruwa a wani ƙaramin asibiti a hanyar Dutsi, yara kuma sun daina tambayar yaushe za mu tafi.

'Yan'uwana da ke aiki a waje, kada fushin yini ɗaya ya raba ku da inda aka san darajarku, balle kuna gab da gaci. Ku kuma mata, in mutuwa ta ratsa, ku tambayi malamai abin da Allah ya ce, kada kunyar surutun mutane ta rufe muku baki. Matambayi ba ya ɓata, ni ban tambaya ba. Na hana mijina shekara huɗu saboda takarda, na saki takardar saboda shi bayan ba ya nan, ba tsuntsu ba tarko. Ku taya ni yi masa addu'a, don har ya koma ga Allah yana ƙirga min watannin da suka rage.