Garwashin Kaka Ige a Cikin Gilashi

A ƙauyenmu da ke gefen Giyawa, in sanyi ya shigo an gama kai gero rumbu, ba ma jiran kowa ya kira mu. Da an idar da sallar isha'i an suɗe kwanon tuwo, sai ka ga yara suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya zuwa ƙofar ɗakin Kaka Ige, kowa da 'yan karan da ya tsinto maƙale a hammata. Karan nan su ne izinin zama kusa da wuta. Wanda ya zo hannu rabbana, can baya ake tura shi, wajen da hayaƙi ke bi.

Kaka Ige ita ta haifi mahaifina. 'Yar ƙaramar mace ce mai babbar murya, in ta kira akuyarta daga bakin rijiya har masu ban-ruwan albasa a fadama sai sun ɗaga kai. Ni take kira maigidanta, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikokinsu maza, kuma ban taɓa jin ta yaba mini ba. In ta same ni ina zane a ƙasa da tsinke sai ta ce, "Ku dubi mijin da Allah yab ba ni. Ba cehwane, ba tuhwahi, sai ɓata ƙasa."

Ba ta buɗe tatsuniya irin yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan gyara zama ta ce, "Ga wata nan tahe, wa ka tarbon ta?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Mu na, ta shigo." In ko mutum ɗaya ya yi shiru, ba za ta ci gaba ba. Sai ta bi mu da ido ta ce akwai bakin da ba ta ji ba, a yi ta zungurin mai gyangyaɗi har ya amsa.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ta garwashi ce tamu. Wai an yi wata tsohuwa da wutar murhunta ba ta taɓa mutuwa ba tun ranar da aka kawo ta gidan miji, matan gari duk wurinta suke ɗibar wuta da safe. Ran nan wani falke ya sauka. Ya ce ya san wata ƙasa mai nisa da mutanenta ba su taɓa ganin wuta ba, ɗanyen hatsi suke tauna, yana roƙon ta ba shi garwashi ɗaya ya kai musu. Tsohuwa ta zuba toka a kasko, ta ɗora garwashin a kai, ta ce masa abin nan ba ya cin tuwo, numfashin mutum yake ci. Falke ya kama hanya. Duk inda garwashi ya ji zai mutu, sai ya yi waƙa:

"Ni garwashi na, ɗan murhu,
Ban cin tuwo, ban shan ruwa,
Numhwashi ɗai nika biɗa,
Wa ka hura ni?"

A nan Kaka takan tsaya cak. Mu kuma sai mu duƙa gaba ɗaya mu hura wutar da ke gabanmu, fuu, toka ta tashi, kara ya kama, fuskokinmu su yi ja. Sai ta ga harshen wuta sannan falke ke ci gaba da tafiya. Da na girma na gane dabara ce ta tsohuwa mai ciwon baya da ba ta son duƙawa, amma a lokacin mun yarda ɗari bisa ɗari cewa ran garwashin nan yana bakinmu.

Falke ya isa. Mutanen ƙasar suka taru suna mamaki, sarkinsu ya ce abu mai daraja haka bai kamata bakin kowa ya kusance shi ba. Aka gina masa dakali mai tsawo, aka kife shi da ƙwarya mai kyan zane, aka sa masu gadi. Falke kuwa aka ba shi babbar riga, aka zaunar da shi a gefe. Garwashi ya yi waƙarsa daga ƙarƙashin ƙwarya, mutane suka yi ta tafi don daɗin muryar.

Wannan waƙar ta ƙarshe ita muka tsana. Kaka takan rera ta a hankali, mu duƙa za mu hura, sai ta ɗaga hannu ta hana. Wanda ya yi gardama ta toshe masa baki da tafinta mai ƙanshin daddawa. Haka za mu zauna muna kallon tamu wutar tana lafawa har ta zama toka. Sai ta ce, "Ta ƙare nan. Wanda bai yi kwana ba shi kwashe toka."

Wata rana haushi ya ishe ni na ce, "Kaka, don mi falken bai ture masu gadi ya hura ba?"

Ta dube ni ta ce, "Ya amshi riga, maigida." A lokacin ban gane ba.

Shekaru suka ja. Na yi karatun zane a Zariya, daga baya na bar fenti na koma haɗa sauti da bidiyo da kayan gida wuri ɗaya, aikin da har yau mahaifina ke kira "wasan nan na Nasiru". A tsakanin nan ƙauyenmu ya daina kwanuwa. Tun kafin mutane su tashi aka bar kunna wuta a tsakar gida bayan magariba, don haske yana nuna wa 'yan bindigar daji inda mutane suke. Aka kwaso Kaka zuwa Wurno, gidan Baffana, aka ba ta ɗaki mai siminti. Ƙanwata Kulu ce ke kula da ita.

A ɗakin nan na ɗauki muryarta. Na zo da rana da na'urata, ta kore ni, ta ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Na jira har bayan isha'i, Kulu ta kawo gawayi a kurfoti, muka zauna mu uku. Ta ba da tatsuniyar daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba, ni da Kulu muna hurawa kamar yara. Da ta gama ta ce, "Ina za ka da ita?"

Na ce, "Turai, in Allah ya yarda."

"Su can sun iya hura wuta?"

"Za su koya, Kaka."

Ta ce, "To."

Wannan ne karo na ƙarshe da ta iya kai tatsuniya ƙarshenta. Kafin gayyatar wani baje kolin ayyukan zane a Turai ta iso mini, hankalinta ya fara guduwa. Tana kiran Kulu da sunan yayarta da ta rasu tun ba a haife mu ba, tana neman akuyar da aka sayar tuntuni. Abin da ya rage na Kaka mai tatsuniya shi ne wanda ke cikin kwamfutata.

Na zuba duk abin da na iya a aikin nan. Ɗaki ne mai duhu, a bango ana haska bidiyon hannuwanta da wuta, muryarta tana fitowa ta lasifika. A tsakiya na ajiye kasko cike da tokar murhunta, wadda na hau babur da rana tsaka na je ƙauye na kwaso a gurguje. A ƙarƙashin tokar na ɓoye ƙaramar jar fitila da ɗan makirfo mai jin iska. In waƙa ta ƙare sai murya ta tsaya, haske ya yi ta raguwa, ba za ta ci gaba ba sai wani ya duƙa ya hura. Kuma na yi wa tatsuniyar gyaran da nake so in yi tun ina yaro: a waƙar ƙarshe ma babu mai hanawa. Nufina mutanen wata ƙasa su hura garwashin Kaka da bakinsu ya rayu.

Na sauka a wani birni mai ruwan sama da sanyin da ban taɓa sani ba. Matar da ke shugabantar baje kolin, doguwa mai furfura, ta tarbe ni da mutunci. Ta ga ina rawar ɗari cikin 'yar kaftanina, washegari ta zo mini da wata rigar sanyi mai kauri ta ce in riƙe, kyauta ce. Na sa, na ji daɗinta, na yi godiya.

Ranar gwaji na duƙa na hura. Fitila ta yi ja, muryar Kaka ta tashi, har ma'aikatan wurin suka yi murmushi. Amma toka ta tashi ita ma, ta sauka a kan farin daɓensu, wata ta bi ƙofa ta nufi ɗakin maƙwabcina, wanda aikinsa fararen yadudduka ne a rataye. Aka kira taro. Mai kula da lafiyar baƙi ya ce toka tana shiga huhu, tana iya tayar da ƙararrawar gobara, kuma masu inshora ba za su yarda jama'a su riƙa kai baki wuri ɗaya ba. Na ce a cire toka a sa yashi. Suka ce bakin dai shi ne matsalar. Na yi bayani iyakar Turancina, na ce in ba a hura ba to babu aikin. Suka saurare ni da natsuwa, suka nuna sun ji tausayina, sannan suka tuna mini cewa yarjejeniyar da na sa wa hannu ta ba su damar gyara duk abin da ya shafi lafiyar jama'a. Su suka biya jirgi, su suka nemo mini biza, a masaukinsu nake kwana. Babu wanda ya ɗaga mini murya, shi ya sa ma na rasa wanda zan yi faɗa da shi.

Aka kife kaskon da akwatin gilashi. Wani saurayi mai kwamfuta ya saita muryar ta riƙa ɗan jira sannan ta ci gaba da kanta, daga safe har yamma, ta ƙare ta sake farawa.

Ranar buɗewa ɗakina ya cika. Kaka ta ce, "Ga wata nan tahe, wa ka tarbon ta?" Mutane suka tsaya da hannuwa a baya suna karanta fassara a bango. Na buɗe baki zan amsa, na ga ni kaɗai ne, na rufe. Wani dattijo mai rubutu a jarida ya riƙe hannuna ya ce shirun da ke biyo bayan waƙar shi ne abu mafi ƙarfi da ya gani a baje kolin duka. Na ce na gode. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani kamar ranar ba.

Kulu ta matsa sai na nuna musu, don haka washegari da azahar, da mutane suka ragu, na kira ta ta bidiyo. Ta kai wayar gaban Kaka, wadda ke zaune a tabarma ta rame ƙwarai. Ba ta gane ni ba. Na juya wayar ga kaskon, daidai lokacin da muryar ta kai wurin da aka kife garwashi da ƙwarya.

Kaka ta karkata kunne ta ce, "Wagga tsohuwa wa ta? Da rana tsaka taka tatsuniya?"

Kulu ta ce, "Ke ta, Kaka. Muryakki ta."

Ba ta ko saurare ta ba. Ta ce, "Babu ɗiya gidansu? Wa ab bar ta ita ɗai?"

Sai waƙar ƙarshe ta zo, wadda ta yi shekaru tana toshe mana baki a kanta. Muryar ta ce, "Wa ka hura ni?" ta yi shiru, fitila ta fara dushewa. Kaka ta kama wayar da hannu biyu, ta kawo bakinta, ta hura. Na ji iskar tana kaɗawa a 'yar lasifikar wayata. Ta ja numfashi ta sake, ta sake, har tari ya sarƙe ta, Kulu tana bubbuga mata baya. Na manna wayar a jikin gilashin kamar hakan zai yi wani abu. Mai gadi ya matso ya nuna mini layin da aka ja a ƙasa, cikin ladabi.

Da tarin ya lafa na ji ta ce, "Ta kama?"

Kulu ce ta ce mata ta kama, sannan ta kashe wayar.

Da ina yaro na ɗauka falken nan ragon mutum ne, na kuma yi alkawari a raina in ni ne sai na ture masu gadi. Yanzu na san ba mugu ba ne, mutanen ƙasar ma ba mugaye ba ne. Sun girmama abin da ya kawo iyakar yadda suka san girmamawa, shi kuma ya ci abincinsu ya kwana a ɗakinsu, bakinsa ya yi nauyi. Na san tatsuniyar nan kalma da kalma, amma sanin bai hana ni shiga cikinta da ƙafata ba. Aikin yana can har yanzu, an wuce da shi wani birnin, Kaka tana tambaya daga safe zuwa yamma babu mai amsa mata, kuma ba ni da ikon dawo da ita sai wa'adin yarjejeniyar ya cika.

Na komo Wurno cikin sanyi, motar asuba ta sauke ni, na shiga gida da rigar nan a jikina. Na durƙusa gaban Kaka na gaishe ta, ina jira ko za ta ce mini maigida, ko ta tambayi cefane. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙo hannu ta shafa hannun rigar, ta murza yadin tsakanin yatsunta.

Ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Riga ta yi maka kyau."