Addunan da Nong Teryo Ya Mayar

Kowace Lahadi, da an fito daga coci, Saje Eleuterio Gallenero, ɗan sandan da duk tsibirinmu ke kira Nong Teryo, wato Yaya Teryo, yakan dasa kujerarsa a ƙofar filin faɗan zakaru. Ba ya hana kowa shiga, hannu kawai yake miƙawa. Duk wanda ya zo da adda a ƙugu sai ya kwance ya ba shi, don giyar kwakwa da zakaran da ya sha kashi ba sa zama lafiya da ƙarfe.

"Nong, tawa ko ayaba ba ta yankawa," in ji Kulas mai hawan kwakwa.

"Kawo ta nan, kafin ayabar ta ji labari ta raina ka."

Litinin da safe sai ya zuba addunan a buhu, ya bi gida-gida yana mayarwa. A kowace ƙofa yakan sha kofi, ya duba ko fushin jiya ya kwana. Wanda bai huce ba, tasa sai Talata.

Ana nan sai masu hikima a Manila, babban birnin ƙasarmu, suka ga 'yan sandan ƙananan garuruwa sun yi yawa, kowa da ubangidansa, gara a narkar da su cikin runduna ɗaya. Na karanta hujjojinsu, kuma a takarda babu abin da ya kai su kyau. Aka canza wa Nong Teryo kaki, aka ɗora masa wani matashi daga arewa mai muƙamin tenyente, wato laftana. Ba mugu ba ne. Bai dai taɓa fasa kwakwa da hannunsa ba.

Lahadinsa ta farko ya ga tulin adduna a ofis, ya washe baki.

"Aikinka ya yi kyau, Saje. Makaman da aka kama za su tafi hedkwatar lardi a jirgin ruwan Laraba."

"Tenyente, ba kamawa na yi ba. Ajiya aka ba ni."

"Ɗan sanda ba ya karɓar ajiya."

"Makon sarar kwakwa ne. Da haƙora za su yi aiki?"

"Doka ɗaya ce daga nan har Manila."

Washegari matarsa, Manang Saling, ta gan shi yana kakkaɓe buhu. Ta ce, "Teryo, za su tuɓe maka igiya."

Ya ce, "Igiyar tasu ce, Saling. Addar ta Kulas ce."

Ya buɗe ɗakin ajiya ido na ganin ido, ya mayar wa kowa tasa. Jirgin Laraba bai tafi da adda ko ɗaya ba. Da shi ya tafi, ba igiya a hannun riga, aka tsayar da shi gadin ƙofar hedkwata.

Baƙin da suka gaje shi ma sun zauna a ƙofar fili, sun miƙa hannu. Wa zai ba da addar da ba ta dawowa? Maza suka koma sa ta cikin riga. Ranar bikin waliyyin gari, gardama ta tashi a kan wani zakara, Kulas ya sari ɗan'uwan matarsa, aka ɗauke mutumin ba rai. Motar da ta kai Kulas hedkwata daga tashar jirgi da ankwa, Nong Teryo ne ya buɗe mata ƙofa.

"Nong," in ji Kulas ta tsakanin ƙarafa, "da kana nan..."

"Na sani, ɗana. Sunkuyar da kai, ƙofar gajera ce."

A bakin ƙofar nan ya ƙare aikinsa. Watan jiya ya yi ritaya, ya dawo da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. Ba wanda ya busa masa kakaki. Manang Saling da matata suna kwance layi ɗaya a maƙabartar bayan coci, can muke haɗuwa da shi, kuma bai taɓa zagin kowa a gabana ba. Ni nake yi masa zagin.

Kai ne mai riƙon amana, Nong Teryo. Kai ne maza masu zafin kai suka miƙa wa ƙarfensu ba tare da ka ɗaga murya ba. Mun gode, ko da godiyar ta makara.

Ku samarin da ake turo mana da sabon kaki, ba laifinku ba ne da ba ku san mu ba. Amma gidansa na bayan kasuwar kifi, kuma har yanzu yana ji da kunnen dama. Ku je ku zauna ta wannan ɓangaren, tun yana nan.