Sunan 'Yar Fari a Bakina

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma boko ban yi nisa ba. Noma nake yi a garinmu Sara, da rani in yi acaɓa. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

'Yata ta fari tun tana ƙarama ba ta da ƙwari. In ta ɗan yi gudu sai haki, farcenta ya yi duhu. Mun yi jiƙe-jiƙe, mun yi rubutu, da muka gaji muka kai ta babban asibitin Birnin Kudu. Likita ya daɗe yana sauraren ƙirjinta, ya ce zuciyarta ce ke da huji, sai dai Kano, asibitin yara. Uwarta na da tsohon ciki, don haka ni da Inna, mahaifiyata, muka tafi da ita.

A Kano aka ce aiki za a yi mata. Abin da ake nema, ko na sayar da gona na haɗa da babur ba zai kai ba. Wata nas ta ce kada in karaya, akwai ƙungiyar mata da ke tara wa yaran asibitin taimako. Sukan ɗauki yaro da iyayensa a waya su watsa, wanda Allah ya ba iko ya bayar. Amma yaran suna da yawa, wanda labarinsa bai shiga ran mutane ba yakan daɗe a gado.

Wata safiya shugabarsu ta zo, wata Hajiya mai tabarau, da wayarta a hannu. Ta ce, "Malam, zauna bakin gadon ka ɗora ta a cinya. Ka faɗi sunanta, ka faɗa wa jama'a yadda take a ranka."

Na dubi Inna. A wajenmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane. Ni ma ɗan fari ne, mahaifina har ya rasu "kai" yake ce mini, kuma ban taɓa jin ya ƙi ni ba. Yarinyar a ɗakin Inna ta tashi. In zan yi zancenta sai in ce "ta wajen Inna". Yanzu kuma a ce in rungume ta, Inna na zaune tana kallo, duniya ma ta kalla.

Na ce, "Hajiya, ga kakarta nan, ita ta san ta."

Ta ce, "Mun sha gwadawa da kaka. Abin da mutane ke fara tambaya, ina uban? Ko ya gudu ne?"

Maganar ta sosa ni. Na ce, "Uban bai gudu ba, ga shi tsaye."

Na tsaya a gefen gado, hannuna a baya, na ce yarinyar nan ba ta da lafiya, a taimaka saboda Allah. Hajiya ta duba abin da ta ɗauka, ta girgiza kai. "Malam, ai wannan kamar kana cigiyar akuya. Wa zai taɓa aljihunsa?"

Inna ta ce, "Haka ubansa yake, kututture." Ta ɗauki buta wai za ta yi alwala, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba. Da ta kai bakin ƙofa, ba ta waiwayo ba, ta ce, "Kai. Ni na fita. Abin da ban gani ba, ba a yi shi ba."

Na zauna na ɗauki yarinyar. Ba ta fi damin harawa nauyi ba. Ta sandare a jikina, don ba ta saba ba, ina jin zuciyar tana bugun damtsena, ta yi sauri ta yi sanyi. Hajiya ta ɗaga waya. Na buɗe baki na faɗi sunan, ya fito mini wani iri kamar ba ni na raɗa shi ba. Yarinyar kuwa ta ɗauka aike ne. Ta yunƙura za ta sauka, ta ce, "Na'am Baba, me zan kawo maka?"

Hajiya ta sauke wayar ta ce ya isa.

Abin ya yaɗu har Sara. 'Yan acaɓa suka kira ni suna tsiya, wai ashe na zama ɗan fim. Wani dattijo a danginmu ya aiko cewa na zubar da kunya. Mutanen da ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba, suka yi ta bayarwa har kuɗin aikin ya cika. Allah ya san su.

Ranar aikin muka wuni a kan benci, ni da Inna. Bayan la'asar likita ya fito ya ce an dace, sauran sai kulawa. Sai washegari aka bari muka shiga. Tana kwance da robobi a hanci da hannu, ƙirjin a naɗe. Da ta buɗe ido ruwa ta nema. Nas ta ce ba yanzu ba, sai dai a jiƙa mata baki, ta ba Inna auduga da ɗan kofi. Inna ta riƙe kofin, ta miƙo mini audugar.