Ranar da Malam Ya Fita da Mu Ganin Gari

Har yau in na wuce inda mata ke gasa doya a bakin tasha, ƙaurin ɓawon nan ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Na haura hamsin, na ga abubuwa iri-iri, amma ƙaurin doya bai daina tsorata ni ba. Bari in gaya maka dalili. Ni ba mai dogon karatu ba ne, yadda abin ya faru haka zan faɗa.

Ba a Keffi aka haife ni ba. A Nijar aka haife ni, wani ƙauye da ko na faɗi sunansa ba ka san shi ba. Shekarar da fari ya kashe mana dabbobi, rijiyar garinmu ta koma ba da laka, Baba ya ɗora mu a bayan mota, ni da Inna da ƙanwata tana goye. Ban kai shekara goma ba. Muka yi ta tafiya kudu har ƙasa ta daina zama rairayi. Ba mu da wata takarda. Ni a lokacin ban ma san mutum na bukatar takarda kafin ya zauna a wuri ba.

Komai na garin nan tsoro ya ba mu da farko. A wurinmu in ka tsaya a ƙofar gida kana hango mai zuwa tun yana kamar ƙuda. Nan kuwa ciyawa ta fi ni tsawo, itatuwa sun rufe ko'ina, ga wani dutse tsaye a gefen gari kamar yana leƙen mutane. Inna ta ce ba ta yarda da garin da ba a ganin ƙarshensa ba. Ruwan sama na farko da ya same mu, tsawa ta fashe a kan rufin kwano, ni da Inna muka shige ƙarƙashin tabarma ɗaya. Ranar da matar mai gidanmu ta aiko mana da doya, Inna ta ɗauka itacen girki ne, ta jingine ta a bayan murhu. A titi kuma manyan motoci ne ke wucewa da ƙarfe da siminti, ƙasa na girgiza, aka ce sabon babban birni ake ginawa can gaba da kuɗin mai.

A unguwar Liman Abaji muka sami ɗaki, gidan wani tsoho da kowa ke ce wa Malam. Fataucin goro ya yi da ƙuruciya, da ƙafa ta gaji ya zauna a zaure da carbinsa da rediyo. Baba ya kama ga-ruwa, garwa biyu a sanda, daga rafi zuwa gidaje. Babana ba rago ba ne, amma yana tsoron kaki fiye da maciji. Masu kaki sun taɓa dukansa a can gida, bai taɓa gaya mana a kan me ba. Saboda haka ta lungu yake bi, kansa a ƙasa, ya juye ruwa a randa ya fita. Ni ma ya hana ni nisa. Muka shekara a Keffi, abin da na sani na garin bai wuce lungunmu da hanyar rafi ba.

Lokacin mangwaro ne, zafi ya yi zafi, hadari na haɗuwa yana watsewa. Ina tsugune a ƙofar zaure rediyon Malam ya ce gwamnati ta ba duk baƙin da ba su da takarda wa'adi su bar ƙasar. Ɗaya daga dattawan da ke zaune ya juyo ya dube ni, ya kau da kai. Wannan kallon ne ya fahimtar da ni maganar tamu ce.

Baba ya jingine garwa. Ya sa mu a ɗaki ya ja ƙofa, ya toshe tagar da buhu. Inna ta ƙulle tukunya da tufafinmu a zane ɗaya, ta ajiye ƙunshin a bakin ƙofa. Komawa gida ba ta yiwuwa, can babu ko ƙwayar hatsi, mun binne mutane kafin mu taso. Zama kuma ga abin da rediyo ya ce. Muka yi kwanaki a ɗakin nan. Zufa, warin fitsarin ƙanwata, sauro. In ta fara kuka Inna ta danna mata nono ko ta rufe mata baki da tafin hannu. In mota ta tsaya a titi Baba ya miƙe tsaye, ya tsaya haka nan har ta tashi. Matar Malam kan turo mana tuwo ta ƙasan ƙofa. Muka ji labarin wani mai shayi, mutumin ƙasarmu, da ya gudu ya ɓuya a wani kango bayan gari. Baba ya ce shi ya yi dabara.

Wata safiya aka buga ƙofa da sanda.

"Kai, mai ruwa. Fito. Ka fito da yaron."

Muryar Malam ce. Baba ya buɗe kaɗan. Malam na tsaye cikin babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ba Juma'a ba ce.

"Malam, ina za mu?"

"Ganin gari. Shekara guda kuna garin nan ba ku san shi ba. Wanke fuskarka, ka yi kama da wanda aka tono."

Baba ya juya ya dubi Inna. Ni na gane kallon. Sun ɗauka Malam zai kai mu ya miƙa ne, don kada a ce ya ɓoye baƙi a gidansa. Inna ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi, sannan ta sake. Malam ya miƙo min butarsa da lemarsa, ya ce in bi shi a baya kada in yi nisa.

Bai bi lungu ba. Tsakiyar titi ya bi, a hankali, kamar mai rakiyar amarya. Duk inda ya ga mutum sai ya tsaya. Wajen mahauta, wajen maɗinka, shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan keke, rumfar masu goro. Ko'ina maganarsa ɗaya: "Kun san ɗana mai kawo min ruwa? Ga shi. Ga jikana. Yau na fito da su su ga gari." Sai ya sa Baba ya miƙa hannu, ya sa ni in durƙusa. Wani mahauci ya ce, "Malam, yaushe ka haifi dogo haka, kai da ba ka kai kafaɗarsa ba?" Malam ya ce, "Uwarsa ya biyo." Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya.

A bakin kasuwa akwai wata mata 'yar ƙabilar Mada, ƙatuwa, tana gasa doya a kan waya. Malam ya tsaya ya ce ta ba jikansa. Ta ɓare min wani yanki mai zafi ta zuba manja. Ta dube ni sosai, ta dubi Baba, ta ce da irin Hausarta, "Wannan ba shi ne yana kawo ruwa gidan ƙanwata ba? Kullum kai a ƙasa kamar ya yi sata." Na riƙe doyar tana ƙona min hannu, na kasa kai ta baki, saboda na ga inda Malam ya dosa. Ofishin 'yan sanda ne a gabanmu.

Na ji numfashin Baba a bayana kamar na akuyar da aka kayar. Malam ya je har bakin baranda, ya yi sallama da wani sajan mai igiya uku da ke zaune a benci, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi ciwon ƙafarsa, ya ciro goro ya ba shi. Sannan ya ce, "Ga ɗana, ga jikana." Mai igiya uku ya ɗaga mana hannu, yana ɓare goro. Muka wuce. Ban san lokacin da fitsari ya zubo min ba, sai da na ji ɗumi a cinya. Malam ya gani, ya ci gaba da tafiya.

Daga nan ya ce sai mun hau dutse. Tsoho ne, yana hawa yana tsayawa yana haki, yana zagin gwiwarsa. Da muka kai sama ya zauna a inuwa, na ba shi buta ya kurkure baki. Ranar na fara ganin Keffi gaba ɗayanta: rufin kwano ja da tsatsa, masallaci, itatuwan mangwaro, rafi kamar zare, titi ya miƙe ya ɓace cikin kore. Ashe garin yana da ƙarshe. Baba ya tsaya yana kallon arewa.

Sai ya durƙusa gaban Malam ya ce, "Malam, don Allah in miƙa mu za ka yi, ka bar yaron da uwarsa."

Malam ya dube shi. "Kai wawa ne," in ji shi. "In an zo an ɗauki mutumin da ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, wa zai buɗe baki ya ce an ɗauke shi? Ka shekara kana ɓuya. Ɓuyar ce za ta kashe ka. Gobe ka ɗauki garwarka, ka bi titi."

Bai tsaya nan ba. Ranar kasuwar Garaku ya ce mu shirya, akwai sauran gani. Muka shiga bayan a-kori-kura, mu da mata 'yan kasuwa da kwanduna da kaji. Hanya ta ratsa gonaki, ko'ina tulin ƙasa jere-jere, Malam ya ce a cikinsu doya ke kwana. Na fara sakin jiki, har ina ƙirga birai a bakin daji. Malam ya jingina da buhu, barci ya ɗauke shi, baki buɗe.

Sai motar ta rage gudu. An gindaya itace a hanya, ga 'yan sanda da bindiga. Ba mai igiya ukun nan ba ne, wasu ne da ba mu taɓa gani ba. Wani saurayi a cikinsu ya zagayo baya, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Baba ya tsaya. Babana dogo ne, siriri, da tsagar garinmu a kumatu. Ba ya ɓoyuwa.

"Kai. Daga ina?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Sauko."

Na girgiza ƙafar Malam, bai farka ba. Baba ya fara miƙewa. Na riƙe rigarsa da hannu biyu. Sai wata murya ta taso daga cikin kwanduna.

"Ya sauka ya je ina? Ɗan Malam ne na Liman Abaji, ga uban nan yana barci." Matar nan ce mai gasa doya. Ban ma lura tana cikin motar ba.

Wata tsohuwa ta ce, "Shi ke kai ruwa gidan ɗiyata."

Yaron mota ya ce, "Ofisa, ko shekaranjiya na gan su suna gaisawa da sajan."

Mai doya ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Kai ne ma ba mu sani ba. Yaushe aka kawo ka garin nan? Ɗan wa ne kai?"

Matan suka kwashe da dariya. Ɗan sandan ya dubi Baba, ya dubi matan, ya dubi tsohon da ke minshari. Ya daki jikin motar da tafin hannu ya ce a tafi. Sai da muka yi nisa Malam ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Mun iso?" Har ya rasu ban san ko barcin gaske yake yi ba.

Ban tuna komai na kasuwar Garaku ba. Abin da na tuna, Baba ya zauna a gindin wata bishiya, ya kasa riƙe kwanon ruwa, ni na riƙe masa ya sha.

Wa'adin ya zo ya wuce. Ba wanda ya buga mana ƙofa. Mai shayin nan da ya ɓuya a kango, ba mu sake jin labarinsa ba. Wasu sun ce an kama shi, wasu sun ce da kansa ya tafi. Ba wanda ya san sunansa balle ya tambaya. Baba ya ci gaba da ga-ruwa, ta titi, yana gaida mutane da ƙarfi kamar wanda aka sa dole. Amma tsoron bai bar shi ba. Da ya rasu, muka janyo gadonsa, sai ga ƙunshi a ƙulle, da 'yar tukunya da riguna da tun tuni suka yi mana kaɗan.

Yanzu Keffi ta cika ta batse. Ɗalibai, ma'aikatan Abuja, mutanen da ba ka san daga ina suke ba, su ma ba su damu su san ka ba. Na hau dutsen nan bara, da ƙyar, ban ga ƙarshen garin ba. Zauren Malam ya zama shagon cajin waya.

Akwai wani yaro da ya kama ɗaki a gidana watannin baya. Daga wata ƙasa ya zo, can gabas, inda ake faɗa. Ba ya fita sai in ya zama dole, in babur ya tsaya a ƙofa sai in ga labulensa ya motsa. Ran Juma'ar da ta wuce na sa babbar riga na buga masa ƙofa, na ce ya fito mu je ganin gari. Ya dube ni. Na san kallon, na taɓa ganinsa a fuskar ubana.

Muka bi titi. Mahautan da na sani sun mutu, 'ya'yansu na kan waya. Na tsaya wajen wata yarinya mai gasa doya a bakin tasha, na ce mata, "Ga ɗana." Ba ta ɗago ba, ta ce na nawa za a ba ni. Na sake faɗa. Ta ce, "Baba, na ji." Na ce ba ji nake so ki yi ba, dube shi.

Sai da ta ɗago ta dube shi sosai, sannan muka wuce rumfa ta gaba.